Malam Dawud da Waƙar da Ta Ƙi Ƙarewa

Ku da kuka zauna unguwar Tandabawi a Makka kun san Malam Dawud Ba'amurke ba ya yawo da takarda. Hannun rigarsa ne littafinsa. Yana cikin tafiya sai ya ja birki a tsakiyar hanya, ya ƙura wa tattabarun Harami ido, ya zaro alƙalami ya hau rubutu a jikin farar jallabiyarsa. Ni da nake masa wanki, ni na san wahalar da na sha!

Baƙin mutum ne dogo, mawaƙi, malamin makaranta a ƙasarsu. Ya musulunta, ya zo aikin Hajji, ya yi wa ƙanwarsa alkawarin cewa da zarar ya gama waƙa ɗaya a kan Ka'aba zai koma gida. Shekara shida ana abu ɗaya.

Ran nan na yi kuskure na wanke wata riga kafin ya kwafe. Ya zo ya tsuguna gaban baho yana kallon ruwan kamar mai zaman makoki.

"Ya Shaikh Isa, baiti uku ka jiƙa."

"To yanzu yaya za a yi, Malam?"

"Zuba wa bishiyar can. Wataƙila ita ta gane."

Ajin Turancin da ya buɗe a unguwarmu kuwa sai wanda ya gani. 'Yan kasuwa sun zo koyon yadda za su yi magana da alhazan Indiya, shi kuma ya ce kowa ya rufe ido ya saurari iska. Alhaji Bala mai tasbaha ya rufe, sai ga minshari.

"Masha Allah," in ji Malam. "Shi kaɗai ya fahimci darasin."

Duk wasiƙar ƙanwarsa tambaya ɗaya ce: ka gama? Amsarsa ma ɗaya: "Saura shuwayya," wato saura kaɗan. Na ce, "Haba Malam, ko ginin Harami ai ana ganin ci gabansa!" Ya yi murmushi ya dubi dutsen da ke bayan gidajenmu.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, muka kai shi maƙabartar Ma'ala. A ƙasan akwatinsa muka tarar da waƙar, cikakkiya, an kwafe ta tsaf. Wani ɗalibinsa ya duba kwanan watan, ya ce tun makon da ya sauka Makka ya gama ta.

Wallahi sai da na yi kuka. Allah Ya jiƙan Malam Dawud, Ya ba ƙanwarsa haƙuri. Ya Rabbi, baƙonKa ne da ya kasa yi Maka sallama, Ka riƙe shi a wurinKa.