Liba

Turancin da na iya a duniya bai wuce cikin tafin hannu ba, kuma duk na tayar da inji ne: handil, liba, wili, bel, fuli, sitata. Jikokina suna yi mini dariya, wai Hajiya ta san sunan kowane ƙarfe amma ba ta iya gaisuwa da Turanci ba. Su yi ta yi. Ban taɓa ganin gaisuwar da ta tayar da inji ba.

A wajen Malam mijina na koye su, a Kabo, shekarun da gyaɗa take gyaɗa. Wata kaka gandun gidansu ya yi albarka, sai Yaya, wan Malam, wanda shi ne babban gida, ya yanke shawarar a sayi injin niƙa. Aka kawo shi a bayan babbar mota, wani bakanike daga Gwarzo ya kafa shi a ɗakin da ke jikin zaurenmu, mai ƙofa ɗaya waje, ɗaya cikin gida. Malam aka ba shi, don shi ne mai son ƙarafa. Kwana uku ya yi yana bin bakaniken nan, ya dawo da kalmomi cike da baki. Ina tuƙa tuwo yana yi mini karatu: handil shi ne ƙarfen da ake murzawa, wili ƙatuwar ƙafar da ke juyawa, bel igiyar da ke jan fuli, wato ƙaramar ƙafar da ke juya maniƙa, sitata kuwa na injinan masu hali ne, maɓalli kawai ake dannawa, mu ba mu da shi. Na ce masa ni dai a niƙa mini dawa.

Tayar da shi aikin hannu biyu ne. Sai ya ɗaga liba, wani ɗan ƙarfe a saman injin wanda bai fi yatsa ba, ya yi ta murza handil da hannun dama har wili ya ɗauki gudu, sannan ya sauke libar da hagu. In an dace sai ka ji tuf, tuf, tuf. Da wannan ƙarar unguwa take sanin hantsi ya yi. Masu ƙuli-ƙuli har daga Gude suke aiko da soyayyar gyaɗa. Malam ya daina zama ƙanin wane, ya zama Mai Inji, kuma wallahi sunan ya yi masa daɗi.

Shekara ta huɗu buhun gyaɗa ya zame masa a wajen awo, kafaɗar dama ta goce. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ƙarfin bai dawo ba. Ran da ya koma ɗakin inji na ji yana ta nishi, ba tuf ba alamarta. Na leƙa. Da hannu biyu yana iya murzawa, to amma da wanne zai sauke liba? Da ya saki handil ya miƙa hannu, wili ya mutu. Ya zauna a kan buhu yana haki, ya ƙi kallona.

Ban ce masa sannu ba, don na san halin kayana. Na ɗaura zane na tsaya a gefen injin na ɗora yatsa a kan liba. Ya harare ni, na harare shi. Ya tashi ya kama handil, da gudu ya kai ya ce, "Liba!" Na danna. Tuf, tuf, tuf. Na koma madafa kafin ya buɗe ƙofar waje.

Haka muka yi wata biyar ba wanda ya sani. Tsoronmu ɗaya ne: Yaya ya ji cewa Malam ba ya iya tayar da inji, ya sayar wa wani Alhaji na Gwarzo da ya daɗe yana nema. In inji ya tafi, Malam ba ya iya noma da wannan kafaɗa, sai zaman zaure.

Magana kuwa ta kai masa, ban san ta bakin wa ba, Allah ya isa. Wata safiya Yaya ya zo da kansa, aka gaisa, ya ce yau yana so ya ga yadda ake tayar da abin nan. Ni ina bayan ƙofar cikin gida. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Yaya ba, magana kuwa iyakarta gaisuwa a durƙushe.

Malam ya gwada da hannu ɗaya, ya kasa. Ya sake, ya kasa. Na uku ya kama da hannu biyu ya murza har jijiyar wuyansa ta fito, wili ya ɗauki gudu, sai sabo ya ƙwace masa baki, ya ce, "Liba!"

Yaya ya tsaya yana waige-waige. Ni kuwa kunya ta tafi inda za ta. Na bankaɗa ƙofa na ce, "Yaya, ɗan ƙarfen nan na sama, danna shi ƙasa, maza!"

Ya danna. Injin ya kama, hayaƙi ya turnuƙe, dattijo ya ja da baya yana riƙe da hularsa. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi ƙofar da na riga na koma bayanta. Sannan ya ɗaga murya saman ƙarar.

"Ashe injin na mutum biyu ne," in ji shi. "Ba a gaya mini ba. To, a bar wa mutum biyun kayansu."

Shekara goma sha ɗaya muka ƙara muna tayar da shi tare, muna faɗa a kan wa ya yi latti. Kullum ni ce mai laifi.

A jinyar Malam ta ƙarshe ba ya iya tashi zaune sai an ɗaga shi, kuma ba ya son 'ya'ya su gani. Sai ya jira su fita, ya saƙalo hannu biyu a wuyana, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage, ya ce a hankali, "Liba."

Ni kuma in ɗaga.