Ƙuduji a Gonar Kawu

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni Makarfi koyarwa, kaina a kumbure da abin da na koyo a kwaleji, musamman zanen fenti. Malaminmu ya ce mai zana daji ba ruwansa da abin da ya sani, abin da idonsa ya gani kawai zai sa. Na haddace maganar nan kamar karatun allo.

Ƙarshen damina na je Gubuci wurin kawuna. Manomi ne da ake kwatance da shi, amma a shekarar ciwon kurkunu ya kama ƙafarsa, ya kwantar da shi tun kafin noman maimai. Ƙuduji ya samu gona babu mai kula da ita, ya fito ya shaƙe dawar. Ni kuwa, shashasha, furensa ne ya burge ni, ja mai sirkin shuni, shimfiɗe har bakin rafi.

Na samu gindin tsamiya na zauna. Na jiƙa takarda na fara da sama, yadda aka koya mana. Duwatsun nesa na tsinka musu fenti da ruwa don su dusashe, na kusa na ba su kauri. In ƙanƙance ido in raba haske da inuwa, in miƙa buroshi in auna tsawon kukar da tsawa ta tsaga a tsakiyar gonar. Da jan fentina ya ƙare sai na jiƙa karan dafi da ƙaro, don kada fure ɗaya ya tsere mini. Har yau in na tuna irin daɗin da na ji, sai raina ya ɓaci.

Wani malamin gona ya ga zanen a ajina, ya roƙi aronsa don nunin amfanin gona. Na ba shi ina washe baki, ko tambayar me zai yi da shi ban yi ba.

Ranar nunin na tarar an kafe shi a rumfar farko, an rubuta a ƙasa da boko da ajami: "Gonar malalaci." Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ga tsagaggiyar kuka, kowa daga Gubuci har Kudan ya san mai ita. Ana nunawa ana ƙus-ƙus. Na nemi malamin gonan, ya ce ai wa'azi ne ga manoma. Tir!

Kawu ya iso a kan jaki, ƙafarsa ɗaure da tsumma. Aka dare masa. Ya daɗe yana kallo.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Kawu."

"Ya yi kama, wallahi. Kwana nawa ya ɗauke ka?"

Na ce uku.

"Kwana uku, ɗan nan, kana zaune a gonata da hannu biyu lafiyayyu, ba ka tuge ko guda ɗaya ba?"