Mai Sani da Kububuwa

Habboba, kakata ta wajen uba, ba ta da tatsuniya mai daɗi. A gidanmu na unguwar Hajj Yusuf, da an idar da magariba sai ta jawo kanun, murhun gawayi, tsakar gida ta ɗora jabana, butar gahawa, mu jikoki mu kewaye garwashin. Mijinta, Jiddo, yana can bakin zaure kan gadonsa na igiya yana jan carbi. Ban taɓa ganin ta miƙa masa kofi da hannunta ba, sai dai ta aiki ɗayanmu.

Kafin labari sai an yi jarrabawa. Ta tsufa tana tsinkar auduga a Jazira, macijin da ba ta sani ba sai wanda ba a halitta ba.

"Wanne ke miƙewa ya fasa kai?"

"Gamsheƙa!"

"Dogo siriri mai zane, da ya gan ka ya tsere?"

"Tsadaraki!"

"Gajere kalar ƙasa fa, kai faffaɗa, wuya siriri, yana goga jikinsa yana ƙara kamar ruwa a kan kasko mai zafi?"

Wanda ya yi jinkirin cewa kububuwa ya sha ranƙwashi. Ni na fi kowa sha, kuma na tsani hannun nan nata.

Sannan ta kawo labarin, kullum shi ɗin dai. Wata yarinya ta bi iyayenta gonar auduga, wani abu ya sare ta a idon sawu. Uwar ta ce ta ji ƙarar, kububuwa ce, a nemi mota zuwa asibiti. Uban, wanda Habboba ke kira Mai Sani, wutsiya kawai ya hango. A nan Habboba take kumbura murya tana kwaikwayonsa: "Ɗan wannan abin? Tsadaraki ne. Mata da ruɗu!" Ya ɗaure ƙafar da tsumma, aka koma tsinka. Yarinya ta ci tuwo, har wasa ta yi. Washegari jini ya fara fita daga dasashinta. Rana ta uku aka binne ta kusa da magudanar ruwan gona.

Mu kuwa muryar ce ke ba mu dariya. Sai mu tafa muna rera "Mai Sani, Mai Sani!" ita tana zuga mu, fuskarta na kallon zaure. Sau ɗaya na ji Jiddo ya tanka.

"Kifaya, ya Hajiya. Ya isa haka."

"Ni da yara nake, ya Hajj. In ka fi ni sanin labarin, zo ka gyara min."

Ya ci gaba da carbinsa.

Sai da na shekara goma sha uku babana ya kama ni ina waƙar. Ya ja ni bayan ɗaki ya ce yarinyar Zainabu ce sunanta, yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar na kasa cin abinci. Gafara kawai tsohon nan yake jira, mu kuma aka mai da bakinmu bulala ba mu sani ba.

Habboba ta rasu ba ta yafe masa ba. Bayan sadakar bakwai Jiddo da kansa ya jawo kanun ya kira mu. Ya yi mana jarrabawar tiryan-tiryan, ba ranƙwashi. Da ya kai wurin uban sai ya ce, "Sunansa Idirisu. Ni ne. Ban ga kan macijin ba, na ce na sani." Babu wanda ya tafa.

Yanzu a gareji nake aiki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, kuma sau biyu ƙarar nan ta hana ni zura hannu cikin tsohuwar taya. Da ilimin Habboba nake raye, amma har yau ina jin haushinta. 'Ya'yana ma ina ba su labarin. Sai dai in na zo wurin uban, ba na sauya murya.