Hannun da Ke Amsa Filashin a Tsaunukan Mbale

Kun daɗe kuna kawar da kai. Kuna ganin ɗan boda, wato ɗan acaɓa, ya hau tsauni cikin taɓo ya sauko da mace mai naƙuda a babur, ku ce zamani ya zo da sauƙi. Ba wanda ya tambayi hannun wa ke riƙe da abin. To, hannun Nambuya ne.

Kullum da safe, kafin ta ɗora shayi, tana ɗakinta na bayan kasuwa tana duba ko komai na da rai. Ba sabon abu ta ƙera ba, haɗi ta yi. Ta ɗauko taswirar intanet, da hanyar karɓar kira ta wani kamfani, da ta aika saƙo ta wani, ta ɗinke su suka zama manhaja ɗaya. Ta san mutanenta ba sa kira, filashin suke yi: waya ta yi ƙara su katse, kada katinsu ya tafi. A kan wannan ta gina komai. Mace ta yi filashin, manhajar ta gane ƙauyenta, ta tura saƙo ga ɗan bodan da ya fi kusa da kuma ungozomar asibiti.

Amma kayan aro ne, masu su na canza su ba sallama. A daminar bara kamfanin kiran, can ƙasar waje, ya yanke cewa duk kiran da aka katse da wuri shirme ne, ya fara zubar da shi. Su ba su san filashin ba. Nambuya ta ga shirun ya yi yawa, ta kira Wodeya, shugaban 'yan boda.

"Wodeya, yau ba ku fita ba?"

"Mu je ina, Yaya? Injinki na barci, mu ma muka miƙe ƙafa. Matan tsauni sun shiga yajin haihuwa."

"Bar wasa. Yi wa lambar filashin yanzu."

"Na yi. Ko sai na haɗa da waƙa?"

Ba abin da ya shigo. Nan take ta ce:

"Tara mutanenka ku hau, gida gida. Duk mai tsohon ciki ku gan ta da idonku."

A hanya suka ci karo da maza ɗauke da wata mai naƙuda, Khainza, a kan ƙyauren ɗaki. Mijinta ya yi ta filashin yana jiran ƙarar babur. Ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Nambuya ta mayar da kiran kan wani kamfanin, sannan ta ɗauki damin ayabar matoke ta hau tsaunin ta'aziyya. Mijin ya dube ta.

"Ke ce mai wayar? Mun yi ta kira, baiwar Allah."

"Ni ce," in ji ta. Ba ta ambaci kamfani ba.

Tun daga ranar, Wodeya ba ya karya kumallo sai ya yi mata filashin na gwaji.

Nambuya, ke ce mai ɗinke abin da ba naki ba don ya ɗauki nauyin naki. Ke ce kika tsaya gaban mai makoki alhali kina da wurin ɓuya. Mun gode, kuma da kunya muke faɗa.

Yanzu idanunta sun raunana, sai ta kusa manna fuska da allon kwamfuta take karatu. Likita ya ce ta bari, ta ce daga ƙarshen daminar nan ta ajiye. Ita kaɗai ta san inda kowace mahaɗa take. Duk ranar da wani kamfani ya sake canza ra'ayi, ba mai lura, kuma wata mai naƙudar ce za ta kwanta tana jira.

Ku da kuka karanci kwamfuta kuke zaune kuna zagin gwamnati a waya, tafi ba zai gyara manhaja ba. Ku je bayan kasuwa ranar Asabar, ku ja kujera kusa da ita, ku karɓi aikin nan tun tana iya nuna muku.