Na Ce Ɗan Gidanmu Ne, Yana Ji

A shekarun da Turawa suka miƙa mulki ni yarinya ce ɗanya, ba a daɗe da kawo ni aure daga Saulawa zuwa wani ƙauye na ƙasar Dandamisa ba. Mijina manomin rake ne, shi da 'yan'uwansa suna dafa mazarƙwaila, gidan babba ne, surukata ke juya shi. Ba ni da wani kyau na a zo a gani, girkina ma sai a hankali, amma akwai abin da na fi kowa, wato kunya. Da ita nake taƙama. Da na haifi ɗan farina namiji, sai na ɗauki kunyar ɗan fari na wuce gona da iri. Rashin kiran sunansa kowace mace na yi, amma ni ko nono ba na ba shi in akwai ido. Yana tsala kuka sai an ce mini in tashi har sau biyu, sannan in tashi ina ɓata rai kamar an sa ni aikin wani. Surukata kuwa ta yi ta yabona gaban baƙi, wai ta dace da suruka mai kara, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Da aka yaye shi aka kai shi wurin innata ya yi watanni. Ranar da aka dawo da shi ya sheƙo da gudu ya riƙe mini zani. Mata na zaune a tsakar gida, sai na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na shige madafi. Bayansa na haifi mata biyu, su kam na yi musu rawa, na yi musu waƙa, na yi musu cakulkuli. Shi sai ya tsaya bakin ƙofa yana kallonmu. Kafin ya cika shekara shida ya daina dariya. Ba ya ɓarna, ba ya roƙo, 'yan gida suna ce masa dattijo. Ni kaɗai na san ba natsuwa ba ce, kuma tsoro ya kama ni cewa ni na lalata yaron nan da hannuna. To wa zan tambaya? Tambayar ma rashin kunya ce. Na taɓa kewayawa na yi wa mijina zancen, ya ce namiji ne, zai ware. Innata ta ce haka aka yi mata, haka ta yi wa yayana, ga shi nan bai mutu ba. Iyakar dabarata in tura tsoka ƙarƙashin tuwonsa in ba ƙanwarsa ta kai masa. Shi kuma ya je ya yi wa kakarsa godiya.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku ana jiƙo ana turare, jiki sai gaba yake yi. Mijina ya tafi Hunkuyi da kaya, surukata gwiwa ta hana ta motsi, dole ta ce in kai shi ɗakin shan magani a Makarfi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai zuwa kasuwa ta raka ni har ƙofa ta wuce. A baya na goya shi duk tafiyar nan, karo na farko tun yaye, kuma rashin nauyinsa ya fi komai tayar mini da hankali.

Muna zaune a layi gindin mangwaro, na kwantar da shi a kan zani, sai wata mata da ta kawo mijinta mai gyambo ta matso kusa. Za ta yi sa'ar innata, maganarta da ɗan harshen Fulatanci. Bayan mun gaisa ta yi masa sannu, sai ta tambaye ni ko ɗana ne. Bakina bai yi shawara da ni ba, na ce ɗan gidanmu ne. Ashe idonsa biyu. Sai ya juya fuskarsa wajen gindin itacen. Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige.

Matar ta ɓara goro ta miƙo mini rabi. Sannan ta kira ni 'yar nan, ta ce tun zamana take kallona, ina kore masa ƙuda da gefen mayafi idona na kallon wani wuri, ga ƙafata na jini ban ma sani ba. Ta ce ba a yi wa ɗan gida haka, ita ma ta haihu. Ta ɗaga hannunsa ta ce in dubi farce a yanke, kai a aske fes, jiki babu ƙazuwa, wannan aikin uwa ta gari ne, Allah ya yi mini albarka. An sha yabon kunyata, amma ba wanda ya taɓa ce mini uwa, balle ta gari. Sai hawaye kawai. Ta ce in yi kukana, nan ba wanda ya san ni. Ta ce kunya don idon mutane ake yi, yaro kuwa ba ya ganin cikin zuciya, abin da aka nuna masa shi ya sani. Ta ce in kira shi da sunansa ya ji.

Na buɗe baki, na sake buɗewa. Sunan ya ƙi fita. Ba ta yi mini faɗa ba, ta kama hannuna ta ɗora a kansa, ta ce in fara da wannan, sauran zai biyo. Ban ɗauke ba har aka kira mu aka yi masa allura, ban ɗauke ba a motar da ta rage mana hanya. Matar ban ƙara ganinta ba, ko garinsu ban tambaya ba.

Allah ya ba shi lafiya. Na so a ce zan gaya muku na sake hali, amma ina shiga gida na ga idanu, na koma 'yar gidan jiya. Abin da na iya shi ne miƙa masa abinci da hannuna, sauran bai biyo ba. Ya girma, ya yi karatu a Zariya, ya zama mutumin kirki, ba abin da na nema na rasa. Amma in ya zo gaishe ni, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kai a ƙasa, ya tambayi lafiya ya tashi, alhali ƙannensa suna bisa gadona suna tsokanata. 'Yarsa ta fari kuwa a wuya yake saɓa ta, yana ƙwala mata kira har a kasuwa. Masu cewa ba shi da kunya ni nake tare masa faɗan.

Bara matarsa na taya ni tsintar shinkafa, ta ce ya taɓa gaya mata ranar da ya fi jin daɗi a duk yarintarsa ita ce ranar da aka kai shi asibiti, don ran nan hannun Inna na kansa tun azahar har gida. Wai daga baya ya sha fatan zazzaɓin ya dawo. Ita tana faɗa tana murmushi, ta ɗauka daɗi zan ji.

Ban ce a yar da kunya ba, ado ce. Amma na gane yabon mutane na saya, ɗana ya biya. In kun ga wata uwa a layi ta rasa yadda za ta yi, ku gaya mata alherin da kuka gani, da kalmar baƙuwar nan nake rarrashin kaina har yau. Ku kuma masu ɗan fari a hannu, in bakinku ya kasa, hannunku kada ya kasa. Kada ku bari sai ɗanku ya roƙi ciwo kafin ya san ku kuka haife shi.