Ranar da Ya Zo Ba Yayansa

Shekarar da nake aikin jinya a sashen masu taɓin hankali da ke zuwa ganin likita su koma gida, wani ƙaramin likita ya kawo mana takardar auna halin mutum. Turawa suka tsara ta. Shi ya sa aka mayar da ita Hausa, aka sake mayar da ita Turanci, aka kwatanta, aka buga hatimi. Saura a gwada ta: a yi wa mara lafiya tambayoyin yau, a sake bayan mako biyu. In amsoshin sun dace, takarda ta yi kyau, likita ya samu digirinsa. Ni aka ɗora wa karantawa da cikewa.

Abu ɗaya ya manta, shi da aka haifa a nan unguwar Umarari: a garin nan wa yake zuwa asibiti shi kaɗai? Kuma wane ƙane ne zai buɗe baki babba na zaune?

Akwai wani mai sayar da busasshen kifi daga Dusuman, ya haura arba'in, yayansa ke kawo shi. Na karanta: "Kana yawan jin haushin mutane?" Yayan ya gyara hula. "Wannan? Sam. Tun yana yaro ba shi da fushi." Na ce, "Alhaji, shi nake tambaya." Ya ce, "To ai shi nake faɗa miki, Sista." Na kalli mai jikin, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda Yaya ya ce." Layi ya kai bakin ƙofa, na cike. A takarda muka tashi da mutum mai haƙuri, mai son jama'a, ba abin da ke damunsa. Sai ka rasa me ya kawo shi wurinmu.

Haka muka yi ta yi da uwaye da mazaje da kawunnai. Amsoshi suna dacewa tsaf, likita har rawar kafaɗa yake. Yo ba dole ba! Halin 'yan rakiya muke aunawa, su kuwa ba sa canzawa.

Zuwan mai kifin nan na biyu, yayan ya tafi jana'iza Ajilari, mutumin ya zo shi kaɗai. Na fara karantawa, sai ya riƙe gefen tebur. Wai yana jin haushi, ƙwarai ma. Ba ya son taro. Tun da suka gudo daga ƙauyensu bai yarda da kowa ba, har na gida. In Hausa ta ƙare masa ya zarce da Kanuri, ina bi ina cikewa. Da muka gama ya ce, "Sista, don Allah likita ya karanta wannan. Waccan ba tawa ba ce." Wallahi sai da idona ya cika.

Na kai wa likita da ɗoki. Ya jera ta da ta farko, ya ɓata rai. Ko layi ɗaya bai bi da ido ba, alamomin kawai ya duba. "Wannan zai ɓata mana sakamako. Ba shi da tsayayyen ra'ayi, a cire shi." Na ce, "Dakta, ita kaɗai ce mai ita ya amsa!" Ya ce in ina so in kira yayan a sake. Raina ya ɓaci, na ninke ta na jefa a jaka. Ban sake ɗaga maganar ba, wannan kam laifina ne.

An gama bincike, an ce takarda ta dace da mutanenmu, an raba mana lemo.

Wata na gaba suka dawo karɓar magani, yayan a gaba yana ta gaisawa da kowa da Kanuri, wushe-wushe. Mutumin ya jira sai da yayan ya wuce ƙofa, sannan ya waiwayo ya rage murya.

"Sista, an karanta?"

Na ce, "An karanta."

Ya yi ta godiya har da rusunawa. Ni kaɗai na karanta, tana cikin jakata a lokacin.