Motar Baba a Filin Dillali

Shekarar da Baba ya rasu, motarsa ta daɗe a rakuɓe a ƙofar gidanmu a Gwale, an lulluɓe ta da tamfol. Fataucin huluna yake yi, kuma da ita ya riƙa zuwa Maiduguri da Damagaram, shi ke tuƙa abarsa. Mitar da ke nuna nisan tafiyarta ta haura kilomita dubu ɗari uku. Amma ban taɓa ganin ta kwana a hanya ba. Baba ba ya wasa da juyen baƙin mai, in ya ji wata ƙara da bai saba ji ba, ranar ba zai ci abinci da daɗi ba sai bakanike ya duba.

Da aka zo rabon gado na ce a bar mini ita cikin kasona. Ina koyarwa a wata makaranta can bayan gari, hawan adaidaita ya ishe ni. Yayana ya ce a fara jin ta bakin wanda ya san mota. Aka kira Baffa. Ba ƙanin mahaifinmu ba ne na jini, amininsa ne tun suna samari, dillalin motoci ne, kuma shi ya shiga kabari ya karɓi gawar Baba.

Baffa ya leƙa mitar, ya girgiza kai. Ko tayar da injin bai yi ba.

"Ɗana, wannan ta gama yi wa duniya aiki," in ji shi. "In ka ɗauke ta, albashinka a gareji zai ƙare. Ku kawo in raba ku da wahala, ko don zumuncin da ke tsakanina da marigayi."

Na ce, "Baffa, ai lafiyarta ƙalau. Ni na kai Baba asibiti da ita."

Yaya ya harare ni. "Ka fi shi sanin mota ne?"

Na bar maganar. A gidanmu ba a musu da babba, balle aminin uba. Baffa ya ba da abin da ya ba da, wanda bai taka kara ya karya ba, aka raba.

Bayan kamar shekara guda na shirya sayen mota ta hannu. Inna, mahaifiyarmu, ta ce in je wurin Baffa, naka sai naka. Na same shi a filinsa kusa da Ƙofar Na'isa, yana zaune a inuwar darbejiya da carbi. Ya yi murna, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce akwai wata da ya ɓoye don irina.

"Ta wata Hajiya ce," ya ce. "Daga gida sai gidan biki. Dubi mita, ko dubu tamanin ba ta cika ba. Sabuwa ce a rufe."

Ruwan toka ce, tana ta sheƙi. Ta Baba fara ce. Na shiga na zauna, na kama sitiyari, na duba mitar, haka ne kuwa. Sai na miƙa hannu zan gyara kujera, hannuna ya faɗa kan wani guntun ƙarfe da aka yi wa walda a ƙasanta. Baba ne ya sa aka yi shi lokacin da ciwon baya ya matsa masa, don kujerar ta tsaya inda yake so. Sau nawa ya yage mini bakin wando. Na murza makulli, injin ya tashi da irin tarin nan nasa guda ɗaya, wanda muke ji daga ɗaki mu san Baba zai fita.

Na fito na tsaya a gabansa.

"Baffa, wannan motar Baba ce."

Bai ko ƙifta ido ba. Ya ja carbinsa, ya dube ni kamar na faɗi abin dariya.

"To, in ita ce, ai ka san tana da lafiya. Mutane lamba suke saye, ɗana. In na bar mata ta gaskiya wa zai kalle ta? Kai ma na rage maka, tunda ta gida ce."

Farashin da ya faɗa ya ninka abin da ya ba mu ba sau ɗaya ba. Ban saya ba. Na taka da ƙafa har gida, ban ma tuna akwai adaidaita ba.

Na gaya wa Yaya, ya ce ciniki ya riga ya faɗa, in bar tone-tone. Na gaya wa Inna, ta ce kada in kuskura maganar ta fita, mutumin nan ya tsaya mana ranar mutuwa.

Daga baya na sayi wata a hannun wani malamin makarantarmu, ita ma ta sha tafiya, ban damu da mitarta ba. Na saurari injin, na tambayi yadda ya riƙe ta. Tana nan tana kai ni aiki.

Bara da aka haifa mini 'ya, Inna ta ce Baffa ne zai yi addu'ar suna, shi ya rage cikin abokan Baba. Ya zo da babbar riga, aka shimfiɗa masa darduma a gaba. Ya ɗaga hannu ya roƙa wa jaririyar gaskiya da riƙon amana. Ina durƙushe a gefensa, na shafa tare da kowa.